Tsofaffin kwamfutocin gida: tarihinsu da darajarsu a yau

Da yawa daga cikinmu a nan kudu sana'ar gwangwan muke yi, wasu kuma suna harkar kayan lantarki a kasuwar Alaba ko Computer Village ta Ikeja. Kullum tsofaffin na'urori na ratsawa ta hannunmu, mu auna a sikeli, mu fasa, mu cire jan ƙarfe. Ga wani labari da ya kamata ya sa mu riƙa dubawa kafin mu ɗaga guduma.

A shekarar 2015 wata mata a jihar Kalifoniya ta Amurka ta kwashe tarkacen mijinta da ya rasu, ta kai wa wani kamfanin da ke karɓar tsofaffin kayan lantarki, ta tafi ba ta bar suna ba. Da suka buɗe kwalayen sai ga kwamfuta samfurin Apple I. Kamfanin ya sayar da ita dala 200,000, ya shiga cigiyar matar don ya ba ta rabi. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Me ya sa tsohon allon lantarki ya yi wannan tsada? Sai mun koma baya kaɗan.

Kafin 1975 kwamfuta kayan gwamnati ce da bankuna da jami'o'i, wata takan cika ɗaki guda. A watan Janairun 1975 wani ƙaramin kamfani mai suna MITS ya tallata Altair 8800, wadda mai saye kan haɗa da hannunsa. Ba ta da allon kallo, ba ta da madannan rubutu, sai 'yan makunnai da fitilu. Ita ce Bill Gates da Paul Allen suka rubuta wa manhajar BASIC, kuma daga nan Microsoft ya samo asali.

A 1976 Steve Wozniak ya ƙera Apple I, abokinsa Steve Jobs ya nemo kasuwa. Farashinta dala 666.66, kuma allon ciki kawai ake ba ka, kai za ka nemo madannai da talabijin da akwatin da za ka saka ta. Kimanin 200 aka yi. Da Apple II ta fito a 1977, tare da Commodore PET da TRS-80, sai kwamfuta ta zama abin da mutum zai saya ya kunna ba sai ya iya walda ba.

A Ingila Clive Sinclair ne ya karya farashi. ZX80 ɗinsa ta 1980 ba ta kai fam 100 ba, sannan ZX Spectrum ta 1982 ta shiga miliyoyin gidaje. Ana jona ta da talabijin ɗin falo, a sa kaset irin na rikoda, a jira wasu mintuna ana jin ƙara kafin wasa ya hau. Kamfanin Acorn kuma ya ƙera BBC Micro a 1981 don koyarwa a makarantu. Injiniyoyin Acorn ɗin ne daga baya suka ƙirƙiro tsarin ARM, wanda kusan duk wayar da ke aljihunmu yau da shi take aiki. Ke nan wayar da kake karanta wannan rubutu da ita jikar waɗancan na'urori ce.

Wadda ta fi kowacce kasuwa ita ce Commodore 64, da ta fito a watan Agustan 1982 a kan dala 595. An sayar da fiye da miliyan 12. A ƙasashen Larabawa kuwa kamfanin Al-Alamiah na Kuwait ya fitar da Sakhr, mai rubutun Larabci, a kan tsarin MSX na Japan, har da manhajar Alƙur'ani mai girma. Amma IBM PC ta 1981 da ire-irenta suka ci gaba da mamaye ofisoshi, daga baya gidaje, har kamfanin Commodore ya durƙushe a 1994.

To, a nan ne ya kamata mu fahimci yadda darajar take, don kada wani ya ɗauka duk tsohuwar kwamfuta dukiya ce. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Abu na farko shi ne ƙaranci. Apple I 'yan kaɗan suka rage a duniya, shi ya sa gidan tarihi na Henry Ford ya biya dala 905,000 a kan guda ɗaya a wani gwanjo a New York a 2014. Commodore 64 kuwa, da yake an yi ta da yawa, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, duk da dai ya fi abin da za a samu in an auna ta a kilo. Na biyu, kayan cikinta su kasance na asali ba a sauya ba. Na uku, kwalinta da littafin bayaninta da rasit da kaset ɗinta, waɗanda su muke fara jefarwa. Na huɗu, sanin hannun da ta fito.

Saboda haka muna ba 'yan uwa shawara. Idan ka ci karo da na'ura mai kaurin madannai ɗauke da sunan Commodore, Sinclair, Acorn, Atari, Amstrad ko Sakhr, ajiye ta gefe. Kada ka yi gaggawar jona ta da wuta, domin tsohon abin ba ta wuta yakan lalace ya ƙona kayan ciki nan take. Kada ka wanke ta da ruwa, kada ka ɓare takardar da ke ɗauke da lambarta. Ɗauki hotonta gaba da baya, ka nemi wani yaronmu mai karatu ya duba lambar a intanet ya ga nawa aka sayar da irinta, ba nawa ake tallatawa ba.

Ko ba ta yi tsada ba, makarantun unguwanninmu za su amfana da ita. Yaron da ya ga na'urar da ƙwaƙwalwarta ba za ta ɗauki hoto ɗaya na wayar yau ba, amma matasa suka koyi rubuta manhaja a kanta, zai gane cewa ba sai da kaya masu tsada ake fara koyo ba.

Duk wanda yake da irin wannan a shago ko a gida, ya ɗora hotonta a nan mu duba tare. Allah Ya sa albarka a nemanmu.