Dangin Aya da Sabon Rabon Rukunansu

Aya da ake nomawa a Maraɗi, da aya-aya mai addabar fagen albasa a Galmi da fadamun Majiya kusa da Tsarnawa, da kajijin da mata ke sa wa turaren wuta, duk 'yan rukuni ɗaya ne a ilimin tsirrai, wato Cyperus, sunan da Linnaeus ya tabbatar a 1753. Gardama ta taso ne kan wasu ciyayin fadama masu kama da su, waɗanda aka ware a rukunai na dabam: Kyllinga a 1773, Mariscus a 1805, sai Pycreus na Palisot de Beauvois.

Hujjar masu warewa siffa ce. Ƙwayar irin Pycreus a matse take ta gefe, bakin macen furensa kuma reshe biyu ne, alhali yawancin Cyperus uku gare su. Kyllinga kan dunƙule furanninta wuri ɗaya, kowane ɗan zangarniya ya kaɗe gaba ɗayansa idan ya nuna. Wannan tsari littafin Flora of West Tropical Africa ya bi a bugun 1972, kuma da shi aka daɗe ana sa wa samfuran yankin suna.

Binciken ƙwayoyin gado ya rushe wannan tsari. Isabel Larridon da abokan aikinta a Jami'ar Gent ta Beljiyam sun nuna a 2013 cewa waɗannan rukunai daga cikin Cyperus suka tsiro, a reshen da ke sarrafa hasken rana ta hanyar C4, wadda ta dace da zafi irin na Sahel. Nau'o'in Pycreus ma ba kaka ɗaya ya haɗa su ba. Matsattsiyar ƙwayar ta ɓullo fiye da sau ɗaya. A 2014 aka mayar da Kyllinga da Pycreus da wani rukuni, Ascolepis, cikin Cyperus, rukunin ya haura nau'i 900.

Matakin daidai ne, domin rukunin da bai tattara zuriya ɗaya cif ba yakan ɓatar da mai neman dangantaka. Sai dai siffa ba ta rasa amfani ba. Malamin gona a Birnin Ƙonni ba shi da ɗakin gwajin ƙwayoyin gado. Da madubin ƙara girma yake bambance ciyawa mai 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa, wadda noma ke ƙara bazawa, da wadda tuge ɗaya ke kashewa. Wajibi ne littattafan gane tsirrai na Nijar su ɗauki sababbin sunaye, su kuma ajiye tsofaffin da na Hausa a gefensu.