Hana Ɓawon Zartsi a Hasumiyar Sanyaya Ruwa Ba Tare da Sinadarai Ba: Nazari Daga Ruwan Ƙasar Gobir da Kalambaina

Tsakure

Maƙalar ta dubi dalilin da ke sa farin ɓawo ya toshe bututun masana'antu a jihar Sakkwato, ta auna dabarun hana shi waɗanda ba su buƙatar zuba asid ko wasu sinadarai. Ta gano cewa zaɓen rijiya da daidaita tsiyayar da ruwa sun fi na'urorin maganaɗisu abin dogaro.

1.0 Gabatarwa

Duk wadda ta taɓa kankare gindin butar shayi ta san wannan ɓawo. Dutsen farar ƙasa ne da ruwa ya narkar, zafi ya sake daskarar da shi. Akasin sukari da gishirin miya, shi gwargwadon zafin ruwa gwargwadon yadda yake ƙin narkewa, saboda haka yakan manne a daidai wurin da ƙarfe ya fi zafi, inda ake son zafin ya fita. A hasumiyar sanyaya ruwa abin ya fi muni: ana yayyafa ruwan zafi iska ta ratsa shi, kusan kashi 1 cikin 100 ya tashi tururi a duk sanyin digiri 5.5, zartsin kuwa ya zauna yana ƙara kauri. Tun 1936 Langelier ya fitar da ma'aunin gane ko ruwa zai ajiye ɓawo ko zai ci ƙarfe.

2.0 Ruwan yankin

Ruwan ƙarƙashin ƙasar Sakkwato ba iri ɗaya ba ne, kamar yadda rahoton Anderson da Ogilbee na 1973 ya nuna. Shimfiɗar Kalambaina galibi farar ƙasa ce. Ita ta jawo kafa kamfanin siminti a 1962, wanda ya fara aiki a 1967. Ruwan da ke kwance cikinta mai zartsi ne, sabulu ba ya kumfa da shi yadda ya kamata. Idan aka nausa gabas, ta Goronyo zuwa Sabon Birni, Unguwar Lalle da Isa, sai a shiga shimfiɗun yashi da tsakuwa na Taloka da Gundumi, waɗanda ruwansu galibi bai kai wancan zartsi ba.

Ƙauyukan Gobir ba su da manyan masana'antu a yau. Amma duk mai niyyar kafa injin casar shinkafa ko na ƙanƙara a bakin gulbin Rima, wannan bambanci ne jarinsa na farko. Kwalbar ruwa ɗaya da aka kai ɗakin gwaji kafin a haƙa burtsatse ta fi buhunan magani bayan bututu ya toshe.

3.0 Dabarun da aka auna

Ta farko, kuma wadda aka fi rainawa don ba a sayar da ita a kwali, ita ce tsiyaye wani ɓangare na ruwan hasumiya a maye shi da sabo. Lissafinta a fili yake. Idan aka bar zartsin ruwan ya ninka na rijiya sau 2, abin da za a zubar daidai yake da abin da ya tashi tururi. A ninki 3 rabinsa ne, a ninki 6 kashi ɗaya cikin biyar. Tashi daga 3 zuwa 6 na rage ɗebo sabon ruwa da kashi 20 cikin 100. Sai dai mai ruwan Kalambaina ba zai iya hawa can ba, ɓawo zai riga shi. Mai ruwan Gundumi ya fi shi sarari. Ƙaramar na'urar auna gishirin ruwa da ke buɗe famfon tsiyaya da kanta ta wadatar.

Ta biyu tace ruwa da yashi. Hasumiya tana wanke iskar da ke ratsa ta, a hunturu kuwa ƙurar Sahara take sha. Laka ta kwanta, ɓawo ya samu wurin kamawa.

Akwai kuma ƙwallayen soso da ake turawa cikin bututu suna goge shi yana kan aiki, da na'urar lantarki da ke jawo ɓawon ya taru jikin faranti a kankare. Dukansu suna aiki, amma na'urar lantarkin tana son wutar da ba ta yankewa, abin da yankin bai da shi sai da hasken rana.

Maganaɗisu ne ake yi wa talla fiye da kowa. Bitar da Baker da Judd suka yi a 1996 ta tarar sakamakon gwaje-gwajensa yana karo da juna. Marubucin nan ba zai ba wa kowa shawarar ɗora injin miliyoyi a kansa ba.

4.0 Iyakar dabarun

Hana ɓawo daban, kashe ƙwayoyin cuta daban. Ruwa mai ɗumi da ke fesuwa cikin iska shi ne gidan ƙwayar Legionella, wadda aka gano bayan annobar Filadelfiya ta Amurka a 1976. Duk masana'antar da ta daina zuba sinadarin ɓawo, wajibi ne ta ci gaba da wanke hasumiyarta tana gwada ruwanta a kai a kai.