Yadda Kansa Ke Lalata Saƙonnin Ƙwayoyin Jiki, da Magungunan da Ke Datse Su

Ƙwayar jiki mai lafiya ba ta hayayyafa sai an ba ta umarni. Umarnin kan zo ne daga waje, ta hanyar wani sinadari da ke yawo a cikin jini ko wanda maƙwabtanta suka saki. A jikin fatar kowace ƙwaya akwai wasu furotin da aikinsu shi ne karɓar saƙo. Da sinadarin ya sauka a kan makarɓinsa, sai makarɓin ya tayar da wani furotin a ciki, wannan ya tayar da na gaba, har maganar ta isa cibiyar ƙwayar inda ƙwayoyin gado suke. Tsarin ya yi kama da yadda labari ke tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, har ya kai fada. A can ne ake yanke hukunci: ƙwayar ta rabu biyu, ko ta dakata, ko kuma ta mutu idan ta lalace.

Yawancin masu isar da wannan saƙo furotin ne da ake kira kinez. Aikinsu shi ne su manna wa furotin na gaba wani ɗan guntun sinadari mai suna fosfet, wanda ke kunna shi. Idan saƙon ya isa, sai a cire fosfet ɗin, komai ya lafa. Kansa, wadda ake kuma kira sankara ko ciwon daji, takan samo asali ne idan sauyi a ƙwayar gado ya sa ɗaya daga cikin 'yan aiken nan ya maƙale a kunne. Sai ya yi ta shelar a hayayyafa alhali babu wanda ya aike shi.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a wata kansar jini mai tafiyar hawainiya da likitoci ke taƙaita sunanta da CML. Mai ita, ɓargonsa kan yi ta zubo fararen ƙwayoyin jini fiye da ƙima, saifarsa ta kumbura, kasala ta rufe shi. A shekarar 1960, Peter Nowell da David Hungerford suka lura a birnin Filadelfiya na Amurka cewa masu cutar suna da wani kuromosom gajere da ba a saba gani ba. A 1973 Janet Rowley ta Jami'ar Chicago ta gano abin da ya faru: kuromosom na 9 da na 22 ne suka yi musayar ɓangare. A wurin haɗuwar ne aka samu wata gurɓatacciyar ƙwayar gado, BCR-ABL, wadda ke ƙera kinez da ba ya kashewa ko kaɗan.

Da aka san mai laifin, sai tambaya ta zama ko za a iya toshe masa baki shi kaɗai. Maganin imatinib, wanda Nicholas Lydon da abokan aikinsa suka haɗa, Brian Druker kuma ya jagoranci gwada shi a kan majinyata, yana shiga ne ya zauna a cikin ramin da kinez ɗin ke karɓar makamashinsa, ya hana shi aiki. A gwajin farko da aka soma a 1998, mutum 53 cikin 54 da suka sha miligram 300 ko fiye a rana, ƙidayar jininsu ta koma daidai. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Mayun 2001, kuma bin diddigin majinyata na shekara goma ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari suna raye. Cutar da a da takan kashe mutum cikin 'yan shekaru ta koma wadda ake riƙewa da ƙwaya a kullum. A Najeriya ma, tun 2003 masu cutar suka soma samun maganin kyauta ta wani shirin tallafi a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife.

A kansar mama kuwa, matsalar takan zama yawan makarɓa ne. Kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na masu ita suna da makarɓin HER2 jingim a fatar ƙwayoyin, har raɗa ma ta zama ihu. Dennis Slamon ya nuna a 1987 cewa irin wannan ta fi saurin yaɗuwa, kuma a 1998 aka amince da trastuzumab, wanda ke kama makarɓin daga waje.

Sai dai nasarar imatinib ta sa an yi zaton kowace kansa haka za ta miƙa wuya, kuma zaton bai tabbata ba. CML a farkonta kusan da ƙafa ɗaya take tsaye. Mafi yawan sauran suna da ƙafafu da dama. Hanyoyin saƙon ma ba miƙaƙƙu ba ne, suna da rassa da kwana, suna kuma haɗuwa da juna. Misali mafi koyarwa shi ne na furotin BRAF. Kusan rabin masu kansar fata ta melanoma suna da sauyi a cikinsa, kuma maganin vemurafenib na 2011 yakan narkar da ƙarinsu cikin makonni, amma sau da yawa cutar kan dawo bayan watanni. Da aka ba masu kansar babban hanji da ke da sauyi iri ɗaya, kusan bai yi komai ba, domin da zarar an danne BRAF sai makarɓin EGFR ya farka ya sake tura saƙon. Sai da aka toshe wuraren biyu a tare, da encorafenib da cetuximab, aka ga amfani, aka amince da haɗin a 2020. Ko a CML ɗin, wani sauyi mai suna T315I kan canja siffar ramin har imatinib ya kasa zama, abin da ya sa aka samar da ponatinib a 2012.

Akwai kuma wanda ya daɗe yana gagara, wato RAS, wanda ke gaba da BRAF a jerin masu miƙa saƙon. An same shi a kansar ɗan Adam tun 1982, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na kansar fankiriyas suna ɗauke da sauyinsa, amma jikinsa sumul yake, babu inda magani zai riƙe. Sai a 2021 aka samu sotorasib, shi ma nau'in sauyi ɗaya tak yake kamawa.

Abin da ya shafi majinyaci kai-tsaye shi ne, waɗannan magunguna ba sa aiki sai idan abin da suke hara yana nan. Trastuzumab ba ya amfanar matar da ƙarinta ba shi da yawan HER2, ga tsada, ga shi yana iya raunana zuciya, shi ya sa ake duba zuciyar kafin a fara da kuma lokacin da ake kan yi. Don haka dole a ɗebi tsokar ƙarin a auna ta kafin a zaɓi magani. Tsoron wannan ɗiba, da wasu ke yi bisa zaton ƙarfe ne ke sa daji ya bazu, yana hana likita sanin wace hanya ce ta lalace. Haka kuma mai shan imatinib da ya riƙa tsallake kwanaki don ya ji sauƙi, yana ba ƙwayoyin da suka rage damar farfaɗowa; daina shan sa shawara ce ta likita, bayan gwajin jini na shekaru ya nuna alamar BCR-ABL ta yi ƙasa ƙwarai.