Zango a Hanyar Gwanja: Inda Fatake Ke Sake Ganin Juna

A shekarar 1826 wani Bature ɗan yawon binciken ƙasa, Hugh Clapperton, ya sauka a garin Kayama a ƙasar Bargu, ya tarar da ayarin fataken Hausawa na dawowa daga Gwanja. Ya ƙiyasta su wajen mutum 1,000, maza da mata, ga jakuna da takarkarai ɗauke da kaya. Abin da ya ɗauki hankalinsa shi ne yawan jama'ar da kayansu. Amma da a ce wani farke ne ya ba da labarin wannan rana, da daga masauki zai faro: wa ya tarye su a bakin gari, gidan wa aka sauka, wane tsohon abokin tafiya aka tarar ya riga su isowa, wa kuma aka tambaya aka ce ai ya riga mu gidan gaskiya tun bara.

Wannan wurin saukar shi ake kira zango. Kalmar tana nufin wurin da ayari ke yada kaya ya kwana, tana kuma nufin tsawon tafiyar yini ɗaya, shi ya sa ake tambaya zango nawa ne tsakanin gari kaza da gari kaza. Har yau tana nan a bakin mutane ba su ma lura ba. Ɗan makaranta na cewa ya gama zangon karatu na farko, a Kano akwai unguwar Zangon Barebari, ga Zangon Daura, ga Zangon Kataf.

Hanyar Gwanja tsohuwa ce. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗewarta tun ƙarni na 15, kuma goro ne ya riƙe ta ɗaruruwan shekaru. A dazuzzukan ƙasar Asante ake samun goron da Bahaushe ya fi so, Asantawa kuma su kawo shi arewa zuwa kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja. Fatake kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato bayan kaka, su ƙetare kogin Kwara ta wajen Yawuri ko Ilo, su bi ta Nikki, su sauka Zugu, wadda yanzu ake kira Djougou a Jamhuriyar Benin, daga nan Sansanin Mangu, sai Yandi, sai Salaga. Tazarar ta haura kilomita 1,000, kuma da ƙafa da jaki ake cinye ta, wata biyu ko uku a tafi, haka kuma a dawo. Suna kai turkuɗi da riguna da jar fata da kanwa da gabu da dabbobi, su ɗauko goro a huhu, ana ƙirga shi ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya goro 100. Da wani Baturen, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan jaki wajen 500 na goro ke shigowa birnin kowace shekara.

Tafiya irin wannan ba ta yiwuwa da ka. Ayari na da madugu, uban tafiya, wanda shi ke yanke ranar tashi da wurin sauka, shi ke gaban sarakunan hanya idan ana cinikin kuɗin fito da na gaisuwa. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya, akwai uban dawaki, akwai malamin da ke rubutu da addu'a. Mutanen da suka haɗu a ƙofar gari ba su san juna ba, kafin a kai Kwara sun ci a akushi ɗaya, sun yi gadin dare tare, sun ɗaga jakin juna daga laka. Wanda ya yi jinyarka a daji kana fama da kurkunu, ai ya wuce abokin ciniki.

A ƙananan zanguna bukkoki ne kawai na ciyawa a bayan gari, matan garin su fito da abinci su sayar. A manyan garuruwa kuwa, kamar Zugu da Salaga, abin ya zama sana'a mai tsari, kuma ginshiƙinta shi ne mai gida. Mai gida yawanci tsohon farke ne da ya gaji da hanya ya zauna, ya yi aure a garin, ya koyi harshen mutanen wurin. Baƙo ya sauka a gidansa, a ba shi ɗaki da ruwa da tuwo, a ajiye masa kaya, yaran mai gida su yi masa dillanci, su yi masa tafinta. Idan za a ba da kaya bashi, mai gida ne ke tsayawa. Abin da yake samu la'ada ce a kan ciniki, da kuma tsarabar da baƙo ya riƙo masa. Amma abin da ya fi la'ada tsada shi ne sabo. Farken da ya ji daɗin masauki bana, can zai koma baɗi, kuma idan ƙafarsa ta gaza, ɗansa zai turo ya ce masa ka sauka gidan wane, ka ce ni na aiko ka.

A nan ne ake haɗuwar da fatake ke ɗoki tun daga gida. Ayarin Kano ya shigo, na Katsina ya kwana uku da isowa, ga mutanen Barno, ga Nufawa, ga Wangarawa da Mosawa daga yamma. Kafin a kwance kaya an fara leƙe-leƙe. Gaisuwar kanta doguwa ce, kuma ba ta banza ba ce. "Maraba, maraba, Malam! Ashe rai kan ga rai." "Yaya hanya? Yaya kuka baro mutan gida?" Bayan an ce lafiya lau sau bakwai, an sha ruwa, an fasa goro, sannan labarin gaskiya ke fitowa: wane sarki ya rasu, wace hanya 'yan fashi suka tare, nawa kanwa ke yi a Yandi, matar wane ta haihu, wane ya ci bashi ya gudu. Zango shi ne gidan waya, shi ne jarida, shi ne kuma kotun da ake auna mutunci. Wanda ya ci amana a Salaga, kafin damina ta faɗi an san da shi a kasuwar Kurmi ta Kano. Masana irin su Paul Lovejoy, wanda ya rubuta littafi guda a kan fataucin goro, sun nuna cewa gidajen Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka fi riƙe wannan hanya, kuma abin da ya riƙe su shi ne dangi da surukai da almajirai da suka baza a zangunan hanya.

Ba kowa ne zango ya yi wa rana ba, kuma rashin adalci ne a ba da labarin a tsallake wannan. Salaga babbar kasuwar bayi ce. A filin da wani ke rungume tsohon amininsa, a nan ake raba wata uwa da ɗanta har abada, kuma da yawa daga cikin masu ɗaukar kayan ayarin a ka ba da son ransu suke tafiyar ba. Rijiyoyin Salaga masu ɗimbin yawa, da wuraren da ake ce a nan ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa, suna nan ana nuna wa masu ziyara.

Cikin mutanen da zango ya haɗa, da wuya a sami labarin da ya kai na Alhaji Umaru. An haife shi a Kano a 1858, ya tashi tsakanin Kano da Kabi, ya haɗa karatu da fatauci kamar yadda malamai da yawa na zamanin suka yi. Tun yana matashi ya tsara wani littafi da Larabci na koyar da rubuta wasiƙa, abin da duk mai hulɗa da mutanen nesa ke buƙata. A Salaga ya haɗu da wani Bajamushe mai nazarin harsuna, Gottlob Adolf Krause, wanda ya daɗe a garin, ana kuma kiransa Malam Musa. Baƙi ne su biyun, ɗaya daga Kano ɗaya daga Jamus, kuma Hausa ce ta haɗa su. Daga baya a Kete-Karachi Alhaji Umaru ya yi hulɗa da wani Bajamushen, Adam Mischlich, ya rubuta masa bayanai masu yawa da ajami a kan tarihi da al'adun ƙasar Hausa. Mischlich ya wallafa ƙamus na Hausa a 1906. Abubuwa da dama da aka sani yau game da rayuwar Bahaushe kafin zuwan Turawa, daga zaman hirar waɗannan baƙi suka fito, a wani gari da ke nesa da Kano tafiyar watanni.

Wani lokaci ma sanayyar hanya kan kai mutum inda bai taɓa mafarki ba. Madugu Muhammadu Mai Gashin Baki, wanda ya yi wa wani Bature, Robert Flegel, jagora zuwa Adamawa, ya bi shi har birnin Balin a 1884.

Salaga kuwa ba ta daɗe a kan ganiyarta ba. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, Gwanja ta ɓalle daga hannun Asante, goro ya fara karkata zuwa wasu kasuwanni kamar Kintampo. Sai yaƙin basasa ya ɓarke a Salaga a 1892 a kan rikicin sarauta, baƙi suka watse. Gari ya mutu, amma sanayya ba ta mutu ba, domin a kawunan mutane take. Masu gidaje suka kwashi iyalansu da yaransu suka sake kafa zanguna a Kete-Karachi da Yeji da Kumasi da Akra, baƙinsu na da kuma suka bi sawu suna tambaya, ina wane ya koma? Alhaji Umaru na cikin waɗanda suka koma Kete-Karachi, ya zama limami, a can ya rasu a 1934.

Ta sabuwar hanyar da ta kai Akra a bakin teku ne wani yaro daga Bebeji ya bi. An haifi Alhassan Ɗantata a 1877 a gidan Agalawa, mahaifinsa Abdullahi farke ne. Da mahaifin ya rasu, mahaifiyarsa ta yi ƙaura zuwa Akra, ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta ya samo laƙabinsa. Da ya tasa sai ya bi ayari ya je ya sami uwarsa. Yaron da bai taɓa ganin teku ba ya isa garin da ba ya jin harshen mutanensa, amma akwai zango, kuma a zango ba a rasa wanda ya san wance matar marigayi wane ta Bebeji. Tafiyar da aka yi don ganin uwa ita ta nuna masa hanyar da daga baya ya riƙa ɗauko goro a jirgin ruwa daga Akra zuwa Ikko. Kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi a cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

Jirgin ruwa da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, su suka kashe ayarin jakuna. Daga baya kuma Yarbawa suka shiga noman irin goron nan, har suna kiransa gbanja, wato dai sunan Gwanja ne ya bi shi. Tsarin mai gida bai mutu ba, sai ma ya ƙara ƙarfi. An kafa unguwar Sabo a Badun a 1916, kuma da wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar yana nazari a farkon shekarun 1960, ya tarar da abin da fataken Salaga za su gane nan take: ɗan kasuwa ya kawo shanu daga arewa ya sauka a gidan mai gidansa, a sayar bashi ga mahauta ba takarda ba sa hannu, sai maganar mai gida. Haka a Shagamu wajen goro.

A Ghana kalmar ta zama zongo, ta kuma faɗaɗa har ta wuce Hausawa. A Akra Malam Baƙo ya kafa Sabon Zongo a farkon ƙarni na 20, ga Nima, ga babban zangon Kumasi mai Sarkin Zango. Mazauna waɗannan unguwanni Dagombawa ne da Mosawa da Zabarmawa da Kotokoli da Fulani da Yarbawa, amma Hausa suke yi da juna a masallaci da kasuwa. Akwai Zongo a Lome, akwai a Kwatano. Dokar korar baƙi da gwamnatin Busia ta kafa a 1969 ta girgiza zangunan Ghana ƙwarai. An loda mutane a manyan motoci, wasu an haife su a nan, ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce su koma ba, maƙwabtan shekara talatin suka rabu cikin mako biyu. Duk da haka zangunan sun sake cika, har a 2017 gwamnatin Ghana ta kafa ma'aikata mai ɗauke da sunan zongo.

Yau motar safa ke yin tafiyar a kwana biyu ko uku, waya kuma ta ɗauke wa zango aikin kai labari. Amma matashin da ya tashi daga Maraɗi ko Sakkwato zai je Kumasi karo na farko, har yanzu akwai dattijon da ke kiransa gefe ya ba shi suna da lamba, ya ce idan ka sauka ka nemi Alhaji wane, ka ce masa ɗan wane ne. Tsohon garin Kete-Karachi, inda Alhaji Umaru ya yi limanci ya karɓi baƙi, ruwan tafkin Volta ya shanye shi bayan an gina madatsar Akosombo a shekarun 1960. Aka tashi mutanen aka mayar da su kan tudu, can ma suka ware unguwa suka kira ta zango.