Akwatin Rediyo da Naɗin Wayarsa

Jama'ar zango, a 1957, shekarar da Ghana ta sami mulkin kai, BBC ta soma magana da Hausa. Akwati guda mai ƙwan gilashi ya ishi unguwa. Ran da ya yi shiru kuwa, duk mun kurumce. Sau da yawa kwayil ne, watau naɗin siririyar wayar jan ƙarfe, danshi ya ci ta ta tsinke. Sabo sai an aika Ingila, a jira jirgin ruwa. Saboda haka mai gyara kan warware tsohon sannu sannu, yana ƙidaya zagaye, ya naɗa sabuwar waya daidai adadin, ya shafe da kakin zuma. In ya ɓata ƙidaya, tasha ta kauce daga lambarta, mu yi ta murɗawa muna neman Landan.