Kumfar iska a mahaɗar akwatin kifi na gilashi: Yaushe take zama haɗari?

Duk wanda ya ajiye akwatin gilashi na kiwon kifin ado a ɗakinsa, ko ba daɗe ko ba jima zai kai ido kusurwar akwatin, inda fallayen gilashi suka haɗu. A nan ne mutane da dama kan hango wasu 'yan ɗigo masu sheƙi, kamar ƙwayar gero, a cikin danƙon da ya riƙe gilasan. Iska ce ta maƙale a cikin silikon, kuma tambayar da kan biyo baya ita ce: shin akwatin zai fashe?

Amsar ta rataya ne a kan abubuwa uku: inda kumfar take, siffarta, da kuma ko tana ƙaruwa.

Nauyin da silikon ke ɗauke da shi

A 1853, lokacin da gidan ajiye namun daji na Landan ya buɗe zauren nuna kifaye na farko ga jama'a, ƙarfe ko katako ko dutse ne ke riƙe da gilashin akwatunan. Sai daga shekarun 1960 ne danƙon silikon ya ba da damar haɗa akwati da gilashi zalla. Ma'anar wannan ita ce, a yawancin akwatunan yau, siririn layin danƙo ne ke yin aikin da ƙarfe ke yi a da.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Akwati mai tsawon santimita 120, faɗin 50 da zurfin 50 yana cin lita 300, wato kilo 300 na ruwa, ban da yashi da duwatsu. Ruwan yana tura gilashin gaba da ƙarfin da ya kai kusan kilo 150, dare da rana, kuma turin ya fi tsanani a ƙasa. Idan aka ninka zurfin sau biyu, turin da ke kan wannan gilashin yakan ninka sau huɗu. Shi ya sa kumfar da ke kusa da gindin akwati mai zurfi ta fi ta kusa da baki cancantar a sa mata ido.

Mahaɗa biyu ce, ba ɗaya ba

Mafi yawan ruɗanin da ake samu ya samo asali ne daga rashin bambance sassa biyu na silikon ɗin.

Na farko shi ne wanda aka matse tsakanin gefen gilashi da fuskar ɗan'uwansa. Siriri ne, ana hango shi daga waje ta cikin gilashin, kuma shi ne ke riƙe da akwatin.

Na biyu shi ne wanda aka shafa a kusurwa ta ciki, wanda ruwa ke taɓawa. Aikinsa shi ne kare na farkon da toshe hanyar yoyo.

Kumfa a cikin na biyun galibi muni ne kawai ga ido. Kumfa a cikin na farkon kuwa tana nufin akwai gurbin da danƙo bai kama gilashi ba, don haka sauran wurin ne ke ɗaukar kason nauyinsa.

Me ke jawo ta?

Yawancin kumfa tun wurin haɗa akwatin ake samun ta. Idan mai haɗawa ya ɗaga bakin bututun danƙon sannan ya ci gaba, iska kan shiga tsakani. Haka ma idan gilashin ya motsa kafin danƙon ya kama, ko kuma akwai ƙura ko maiƙon yatsa a gefensa.

Silikon da ake amfani da shi a wannan aiki da laimar iska yake bushewa, daga waje zuwa ciki, kimanin milimita biyu zuwa uku a yini, yana fitar da wari irin na ruwan khal. A wuri mai busasshiyar iska, kamar lokacin hunturu a yankin Sahel, bushewar takan ɗauki lokaci fiye da haka. Wanda ya yi gaggawar cika akwati da ruwa alhali cikin danƙon bai gama kamawa ba, shi ya buɗe wa matsala ƙofa.

Akwai kuma wadda ke bayyana daga baya, kuma ita ce abar tsoro. Wannan ba iska ce da ta maƙale tun farko ba, danƙon ne ya fara saki. Teburin da bai daidaita ba, jan akwati da ruwa a ciki, cire sandar da ke riƙe bakinsa ta sama, da tsufa, duk suna iya haddasa hakan. Reza da ake kankare gansakuka da ita ma tana iya yanke danƙon ciki.

Alamomin da za a duba

A haska tocila daga gefe, a bi kowace kusurwa daga sama har ƙasa. 'Yan kumfa masu zagaye, a warwatse, waɗanda danƙo ya kewaye ta ko'ina kuma ba sa canzawa, ana samun su ko a sabon akwati, kuma ba kasafai suke jawo matsala ba.

Abin damuwa shi ne kumfar da ta jeru kamar carbi, ko ta miƙe ta zama layi, ko ta ratsa daga gefen ruwa zuwa gefen waje. Haka nan wurin da ya yi fari ko hazo alhali a da garau yake, ko gansakuka da ta kutsa ƙarƙashin danƙon, ko laima a gindin akwatin. A akwatin ruwan gishiri, farin ɓurɓushin gishiri a wajen mahaɗa na iya zama shaidar ruwa na tsatsafowa.

Hanya mafi sauƙi ta sanin gaskiya ita ce a yi alama da alƙalami a iyakar kumfar, a ɗauki hotonta da waya, a sake dubawa bayan mako guda. Idan ta wuce alamar, mahaɗar na buɗewa.

Abin yi

Idan alamun sun nuna haɗari, a fara da kashe wutar hita da famfo, sannan a rage ruwan da tiyo, domin raguwar zurfi na sauƙaƙa turin nan take. A mayar da kifayen wani mazubi da ruwansu na asali da na'urar tace ruwansu. Idan akwatin sabo ne, a nemi wanda ya sayar kafin a taɓa komai, don kada garanti ya ɓaci.

Shafa sabon silikon a kan tsoho ba magani ba ne, domin sabon ba ya kama busasshen sosai. Idan danƙon ciki ne kaɗai ya lalace, ana kankare shi duka, a goge gilashin da sifirit, a sake sabo. Idan kuwa mahaɗar da ke riƙe da gilashin ce ta saki, sai an raba fallayen an sake haɗa su, aikin da ya fi dacewa da ƙwararre. A guji silikon na banɗaki da aka zuba wa maganin funfuna, domin guba ne ga kifi.

Wanda ya sayi akwati na hannu, musamman mai zaune a bene da maƙwabta a ƙasansa, ya fara cika shi a tsakar gida ko gareji, a kan wuri madaidaici, ya shimfiɗa takarda a ƙarƙashi, ya bar shi kwana biyu zuwa uku. Ɗigo ɗaya a kan takardar ya isa shaida. Gara ruwan ya zube a can da ya kwarara a kan kafet, kusa da wayoyin lantarki, da tsakar dare.