GIDAN MAZAN JIYA NA PARIS DA ASIBITIN KAKANNINMU



A ƙasarmu akwai gidajen da har yanzu ake ajiye da lambar yabo ko ɗan littafin soja na wani kaka da ya yi wa Faransa yaƙi. Yara kan tambaya: in sojan ya ji rauni can, ina ake kai shi? Amsar tana cikin tarihin wurare biyu na birnin Paris, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne abin da nike so mu duba.

Na farko sunansa Invalides, wato gidan nakasassun soja. Sarki Luwi na 14 ya ba da umurnin gina shi a 1670, don tsofaffin sojojinsa sun cika titunan birni suna bara, wasu har da sata. Magini Liberal Bruant ya zana shi, kuma a 1674 mutanen farko sunka shiga. Kafin ƙarnin ya ƙare mazauna sun kai wajen 4,000. Gari ne sosai a cikin gari: ga ɗakunan kwana, ga na cin abinci, ga farfajiya goma sha biyar, ga ɗakin jinya inda mata masu hidimar coci ke kula da majinyata. Mai sauran ƙarfi ba ya zaman banza, ana ba shi ɗinkin takalma ko na kayan soja. A 1706 anka gama babbar ƙubbar cocin, mai tsawon mita 107, wadda anka shafe da zinariya.

Abubuwa da yawa sun faru a nan. Da safiyar 14 ga Yuli 1789 talakawan Paris sunka kutsa ciki sunka kwashe bindigogi wajen 30,000, da su sunka tafi kurkukun Bastille. A 1840 anka kawo gawar Napoleon anka ajiye. A 1905 anka mai da wani ɓangare gidan tarihin soja. Amma abin da ya fi ba ni mamaki, bayan shekara 350 akwai asibiti a ciki yana aiki, da tsofaffin soja suna zaune.

Yanzu mu koma ga namu. A yaƙin 1914 zuwa 1918 Faransa ta ɗebi samari fiye da 150,000 daga ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulki. Duka ana ce musu "tirailleurs sénégalais", ko Bahaushe ne, ko Bazabarme, ko Bambara. Ɗaya daga cikin wuraren da anka yi jinyar sojojin ƙasashen da aka mallaka shi ne wani lambu a gabashin Paris, dab da Nogent-sur-Marne. Ba don jinya anka yi shi ba. An buɗe shi a 1899 don gwajin itatuwan ƙasashen zafi, irin su kofi da koko, sannan a 1907 anka yi bikin nuni a ciki, anka gina wa kowace ƙasa rumfarta, har da mutane anka kawo don ƴan kallo. To, a wanga lambu ne, cikin irin waɗanga gine-gine, anka jera gadajen masu rauni daga 1914 har 1919. Da yake yawancinsu Musulmi ne, a 1916 anka yi musu ɗan masallaci na katako. Bayan yaƙi anka rushe shi. Babban masallacin Paris sai a 1926 anka buɗe.

Lambun yana nan. Akwai dutsen tunawa da baƙaƙen sojojin da sunka mutu. Sai dai an bar gine-ginen shekara da shekaru ba gyara, ciyawa ta ci wasu, rumfar Kwango ta ƙone a 2004. A 2006 ne hukumar birnin ta buɗe wurin ga jama'a. Mu mutanen Birnin Lalle ba sai an faɗa muna yadda gini ke ɓacewa ba: garinmu ya taɓa zama babban birnin sarakunan Gobir, yau ku nuna wa yaro fadar in kuna iyawa.

Wanda ya tsira ya dawo gida, asibitinsa ɗakin matarsa ne, gidan mazan jiyansa kuwa zauren ƙanensa. Dangi sunka ɗauki nauyin da sarki ya ɗaukar wa nasa tun 1670. Ko kuɗin fansho ma, dokar Faransa ta 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da na ƴan Afirka wuri ɗaya, na Bafaranshe yana ta hawa. Ba a daidaita su gaba ɗaya ba sai a 2011, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya. A ganina wagga ita ce babbar rashin kunya ta labarin.

Tunda ba a gina musu komi a nan ba, takardunsu ne kaɗai shaidarsu, kuma gara ba ta san darajar takarda ba. Duk mai littafin soja, ko lamba, ko hoton kakansa, ya kawo wa magatakardan ƙungiya a taro mai zuwa. Za mu rubuta suna, da lambar soja, da shekarar da anka ɗauke shi, mu mayar wa mai abu abinsa a ranar. Ƴan ci-rani na Maradi, Kano da Legas su aiko da hoton takardar ta waya.